Abin da Bishiya Ke Fitarwa da Abin da Hayaƙi Ke Mayar da Shi

A shekarun 1980 birnin Atlanta da ke kudu maso gabashin Amurka ya shiga wani ruɗani da ya ɗaure wa masu kula da muhalli kai. Hukumomi sun bi duk matakan da dokar tsabtace iska ta ƙasar ta tanada, sun matsa wa masana'antu da gidajen mai da masu ƙera motoci lamba domin a rage tururin fetur da na fenti da sauran sinadarai masu saurin bin iska, an kuma kashe maƙudan kuɗi a kan haka, amma da zarar zafi ya kama sai iskar ozon ta sake haura iyakar da doka ta amince da ita, kamar ba a yi komai ba. A shekarar 1988 William Chameides da abokan aikinsa na jami'ar fasaha ta jihar Jojiya da ke birnin na Atlanta suka wallafa wani bincike a mujallar Science, inda suka nuna cewa lissafin da ake ta yi ya bar wani babban ɓangare a baya, wato bishiyoyin da suka lulluɓe birnin da kewayensa.

Ozon ɗin da ake magana a nan ba shi ne wanda ke can sama sosai yana kare mu daga zafin hasken rana ba. Sinadarin dai ɗaya ne, amma wanda ke ƙasa, a iskar da mutane ke shaƙa, guba ne: yana ƙona hanyoyin numfashi, yana tayar wa masu asma ciwonsu, yana kuma rage yabanyar alkama da waken suya da wasu amfanin gona. Babu bututun mota ko na masana'anta da ke fitar da shi kai tsaye, a cikin iska ake ƙera shi. Wanda ya fara gano haka shi ne Arie Haagen-Smit, wani masanin sinadarai ɗan asalin Holan da ke aiki a jami'ar Caltech da ke jihar Kalifoniya, wanda kafin nan bincikensa a kan ƙanshin abarba ne. A farkon shekarun 1950 ya nuna cewa hazon hayaƙin da ke sa idanun mazauna Los Angeles hawaye yana samuwa ne idan abubuwa uku suka haɗu: tururin sinadarai masu ɗauke da kabon, da iskar oksaid na naitirojin da ake taƙaitawa da NOx, wadda ke fitowa duk inda aka ƙona mai da zafi mai tsanani kamar a cikin inji, sai kuma hasken rana.

Yadda haɗuwar ke gudana shi ne ginshiƙin duk maganar, don haka ya dace a tsaya a kansa. NOx iska biyu ne, NO mai ƙwayar oksijin ɗaya da NO2 mai biyu. Hasken rana yana fasa NO2 ya cire masa ƙwayar oksijin ɗaya, wannan ƙwaya ta manne wa oksijin ɗin da ke cikin iska ta zama ozon, abin da ya rage kuma shi ne NO. Da a ce babu komai a iskar sai waɗannan, da NO ɗin zai juyo ya cinye ozon ɗin da aka yi ya koma NO2, a yi ta zagaye ba tare da wani abu ya taru ba. Tururin sinadarai ne ke ɓata wannan daidaito, domin idan ya fara rugujewa a iska yana haifar da wasu gutsattsari masu ɗauke da rarar oksijin, waɗanda ke mayar da NO zuwa NO2 ba tare da an taɓa ozon ba, sai ozon ya yi ta taruwa. A cikin wannan hidima NOx tamkar ɗan dako ne a kasuwa, ya sauke kaya ya koma ya ɗauko wasu, yana iya yin sawu da yawa kafin a kawar da shi daga iskar, muddin akwai kayan da zai ɗauka. Kayan kuwa ba ruwansu da inda suka fito, ko daga tankin fetur ko daga ganye.

Cewa tsirrai suna fitar da irin wannan tururi ba sabon labari ba ne ko a wancan lokacin. Tun a 1957 Guivi Sanadze, wani masanin tsirrai a Tibilisi da ke ƙasar Jojiya ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ya ba da rahoton cewa ganyen wasu bishiyoyi yana fitar da wani sinadari mai suna isofirin. A 1960 kuma Frits Went, shi ma ɗan Holan wanda ya daɗe a Caltech, ya rubuta a mujallar Nature cewa shuɗin hazon da ake gani a saman dazuzzuka lokacin zafi daga tururin bishiyoyi yake samuwa, bayan ya rikiɗe a iska ya zama ɓurɓushi ƙanana masu warwatsa shuɗin haske. Tsaunukan yammacin Sidni a Ostareliya da ake kira Blue Mountains, wato shuɗɗan tsaunuka, waɗanda bishiyar turare ta rufe, da wasu tsaunuka a gabashin Amurka, duk sun samo sunayensu ne daga wannan shuɗin hazo. Ya sha bamban da hazon hunturu da muka sani, wanda ƙura ce tsantsa da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi.

Isofirin ƙaramin sinadari ne mai ƙwayoyin kabon 5 da na haidirojin 8, kuma shi ne tubalin da aka gina robar da ake tatsa daga bishiya da shi. Danginsa, waɗanda ake kira tarfen, su ne ke ba bishiyar fain da turare da ɓawon lemo ƙanshinsu. Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan fanni shi ne yawansu. Ƙididdigar da Alex Guenther da abokansa suka fara fitarwa a 1995, suka kuma yi ta sabunta ta daga baya, ta nuna cewa tsirran duniya suna sakin kimanin tan miliyan 1,000 na irin waɗannan sinadarai a shekara, kuma kusan rabinsu isofirin ne shi kaɗai. Wannan ya ninka abin da duk motoci da masana'antu da rijiyoyin man duniya ke fitarwa na tururin sinadarai sau da yawa, kuma isofirin kaɗai ya yi kusan kai ɗaya da yawan mesen, wata iska mai ɗumama duniya, da ke shiga sararin sama kowace shekara. Mafi yawansa daga dazuzzukan yankuna masu zafi yake fitowa, wato Amazon da tsakiyar Afirka da kudu maso gabashin Asiya.

Ba kowace bishiya ke fitar da isofirin ba. Bishiyar ok, wadda ta cika dazuzzukan kudu maso gabashin Amurka, tana cikin manyan masu fitarwa, haka fofla da turare da kwakwar manja, alhali akwai ɗimbin bishiyoyi da yawancin hatsi da kusan ba sa fitar da komai. Wadda ke fitarwa ba ta ajiye shi, a take take ƙera shi cikin ganye daga kabon ɗin da ta kama da hasken rana, ta sake shi nan da nan, shi ya sa da dare fitarsa ke tsayawa kusan cak, da rana kuma yana ƙaruwa sosai da ƙaruwar zafi har sai ganyen ya kai wajen digiri 40. Bishiyar tana iya asarar kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na kabon ɗin da ta wahala ta tara ta wannan hanya, kuma bayanin da ya fi karɓuwa shi ne wanda Thomas Sharkey da abokin aikinsa suka gabatar a 1995, cewa isofirin yana taimaka wa ganye ya jure zafi mai zuwa farat ɗaya. Sakamakon haka shi ne bishiya tana zubo mafi yawan isofirin ɗinta a daidai ranakun da rana ta fi ƙuna, iska ta tsaya cik, wato ranakun da suka fi dacewa da ƙera ozon. Ƙari a kan haka, isofirin yana da saurin rugujewa fiye da yawancin abin da ke cikin tururin fetur. Mesen yana kai kimanin shekara 10 a iska, wasu sinadaran fetur suna yin kwanaki, shi kuwa cikin awa ɗaya zuwa biyu na tsakar rana ya gama rikiɗewa, don haka ɗan kaɗan daga cikinsa yana yin aikin da mai yawa daga cikin sauran zai yi.

Wannan shi ne abin da ya faru a Atlanta. Ko da an kawar da duk tururin fetur da na masana'antu, bishiyoyi kaɗai sun wadatar da iskar birnin da abin da NOx ke buƙata domin ya ci gaba da ƙera ozon a ranar zafi, saboda haka rage tururin da mutane ke fitarwa bai taɓa tushen matsalar ba. Hanya ɗaya da ta rage ita ce a rage NOx ɗin kansa. Sannu a hankali manufar gwamnati ta karkata zuwa can, kuma a 1998 hukumar kare muhalli ta Amurka ta umarci jihohi fiye da 20 na gabashin ƙasar su rage NOx da tashoshin wutar lantarki da manyan masana'antu ke fitarwa a lokacin zafi. A shekarun da suka biyo baya, tare da tsaurara ƙa'idar hayaƙin motoci, ozon na ranakun zafi ya ragu ƙwarai a yankin, bishiyoyin kuwa suna nan inda suke suna fitar da abin da suka saba.

A nan ne ake yawan tuno Ronald Reagan, wanda a lokacin neman shugabancin Amurka a 1980 ya yi furucin da aka fassara da cewa tsirrai sun fi motoci gurɓata iska, aka kuma yi masa dariya sosai. A ganina duka ɓangarorin biyu sun kauce. Masu dariyar sun yi kuskure da suka ɗauka bishiya ba ta da hannu ko kaɗan a sinadaran iska, shi kuma ya ɗauko gaskiyar yawan tururin ya ɗora mata hukuncin da ba nata ba, domin manufarsa ita ce a sassauta wa masana'antu, alhali abin da binciken Atlanta ya nuna shi ne wurin da ke da bishiyoyi da yawa ya fi buƙatar a tsananta wa masu fitar da hayaƙi.

Hujjar hakan tana cikin dajin da babu hayaƙi. A tsakiyar Amazon isofirin ya fi na Atlanta yawa, amma a lokacin damina ozon ɗin wurin yana cikin mafi ƙaranci a duniya, domin babu isasshen NOx, har ma tururin bishiyoyin da ganyensu suna cinye ɗan ozon ɗin da ke akwai. Sai dai akwai birnin Manaus mai mutane kimanin miliyan 2 a tsakiyar wannan daji, da motocinsa da tashoshin lantarkinsa, kuma iska tana kwasar hayaƙinsa ta bi da shi ta saman bishiyoyi. A 2014 da 2015 masana daga Birazil da Amurka da wasu ƙasashe sun bi sawun wannan hayaƙi da jiragen sama da na'urorin ƙasa, suka tarar ozon yana tashi a cikinsa yayin da yake nisa da birnin. Wani nazari da aka fitar a 2019 daga waɗannan awo ya nuna cewa hayaƙin Manaus yana ƙara ɓurɓushin da ake samu daga tururin bishiyoyi da kashi 60 zuwa 200 cikin 100, wani lokaci har kashi 400.

Maganar ɓurɓushi ita ce rabin labarin na biyu, kuma ta fuskar lafiya ta fi ozon nauyi, domin ƙananan ƙwayoyin da faɗinsu bai kai maikiron 2.5 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) suna kutsawa can cikin huhu, su ne kuma ke da alhakin mafi yawan mace-macen da ake dangantawa da gurɓatar iska. An daɗe da sanin cewa tarfen yana rikiɗewa ya zama irin wannan ɓurɓushi, amma an ɗauka isofirin ya yi ƙanƙanta da yawa, abin da zai fito daga gare shi ba zai daskare ba. A 2004 Magda Claeys da abokan aikinta suka tarar da wasu sinadarai a cikin ɓurɓushin da aka tattaro daga Amazon waɗanda siffarsu ta nuna ƙarara daga isofirin suka fito, a 2009 kuma wasu masana a Caltech suka gano matakin da ke tsakani, wani sinadari da ke narkewa cikin ɗigon ruwa mai tsami da ke yawo a iska ya zauna a ciki. Irin wannan ɗigo kuwa yawanci na salfet ne, salfet kuma daga hayaƙin kwal da mai mai yawan farar wuta yake fitowa. Awon da aka yi a jihar Alabama a 2013 da wasu wurare a yankin ya kai masu binciken ga ƙiyasin cewa salfet da NOx na ɗan'adam ne ke juya akalar kashi 43 zuwa 70 cikin 100 na ɓurɓushin mai kabon da ke iskar kudu maso gabashin Amurka a lokacin zafi. Idan aka auna kabon ɗin da ke cikin wannan ɓurɓushi za a ga na bishiya ne, amma da yawansa ba zai zama ɓurɓushi ba da babu hayaƙin tashar lantarki.

Wannan ɓurɓushi yana da wata fuska. Tururin ruwa ba ya zama girgije sai ya sami ƙwayar da zai daskare a kanta, kuma a wuraren da babu ƙura ko hayaƙi, tururin bishiyoyi yana cikin manyan masu samar da irin waɗannan ƙwayoyi. Tashar bincike ta Hyytiälä da ke cikin dajin fain a Finlan ta shafe shekaru tun tsakiyar 1990 tana lura da yadda sababbin ƙwayoyi ke ɓullowa a iskar daji su girma, kuma a 2016 wani gwaji a CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai da ke kusa da Jeniba, ya tabbatar da cewa tururin fain shi kaɗai yana iya haifar da su ko babu salfet. Girgije mai yawan ƙananan ɗigo ya fi haske, ya fi mayar da hasken rana sama, don haka daji yana ɗan sanyaya duniya ta wannan hanya, ban da kabon ɗin da yake ajiyewa. A ɗaya ɓangaren kuma isofirin yana gogayya da mesen wajen sinadarin OH, wanda shi ne ke wanke yawancin dattin sararin sama, abin da ke iya tsawaita zaman mesen. Awon da aka yi da jirgi a saman dajin Suriname a 2005 ya nuna cewa OH ɗin bai ƙare kamar yadda lissafi ya yi hasashe ba, domin rugujewar isofirin tana dawo da wani kaso nasa.

Inda abin ya fi shafar shawarar da mutane ke yankewa shi ne wajen zaɓen abin da za a shuka. A 2008 wata tawaga ƙarƙashin Nick Hewitt na jami'ar Lancaster ta kwatanta iskar da ke saman dajin asali da ta saman gonakin kwakwar manja a Sabah, ɓangaren Malesiya na tsibirin Borneo. Gonakin sun fi dajin fitar da isofirin ninki da dama, duk da haka ozon bai bambanta sosai ba a lokacin, saboda NOx bai yi yawa ba tukuna. Lissafinsu ya nuna cewa idan NOx ya kai irin wanda ake samu a karkarar Turai da Arewacin Amurka, ozon zai iya kai kashi 100 cikin biliyan, wato kusan ninki biyu na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ɗauka a matsayin iyaka. A Jamus kuma, wani nazari kan tsananin zafin da aka yi a watan Yulin 2006 ya ƙiyasta cewa a ranakun da zafin ya kai ƙololuwa, gudummawar tururin tsirrai ga ozon ɗin birnin Balin ta kai har kashi 60 cikin 100. Akwai wata sarƙaƙiya da ya kamata a ambata: a tsakiyar birni mai cunkoso, inda NO ya yi katutu, shi kansa yana cinye ozon, don haka rage shi kaɗan yana iya sa ozon ya ɗan tashi da farko, kamar yadda aka gani a birane da dama lokacin kullen korona a 2020. Sai an rage shi sosai, a kuma rage tururin fetur tare da shi, ake ganin amfanin.

Yammacin Afirka ma an auna ta. A watannin Yuli da Agustan 2006, ƙarƙashin shirin binciken damina na AMMA, wani jirgin binciken Birtaniya ya yi sansani a Yamai yana tashi kudu da arewa. Ya tarar isofirin yana da yawa a saman ƙasa mai bishiyoyi daga wajen digiri 10 na arewa zuwa kudu, wato kusan layin da Kaduna take, sannan yana raguwa da sauri idan aka nufi Sahel, kuma a saman wannan yanki mai bishiyoyi ozon ƙasa-ƙasa yake. Abin sha'awa shi ne a Sahel ɗin, inda bishiya ta yi ƙaranci, an sami ƙarin NOx da ozon a saman wuraren da ruwa bai daɗe da sauka ba, domin ƙwayoyin halittar da ke cikin busasshiyar ƙasa suna farkawa da saukar ruwa su saki NO. Ashe ƙasar noma ma tana da nata numfashin, kuma takin zamani mai naitirojin yana ƙara shi.

Idan aka ɗora wannan a kan yadda biranenmu ke girma, za a ga inda haɗarin yake. A Kano ko Damagaram ko Maiduguri abin da ya fi cutar da huhu shi ne ƙurar hunturu da hayaƙin itace da gawayi da ƙona shara, tururin bishiya ƙaramin abu ne a gefensu. Amma daga Abuja zuwa kudu, da Kumasi da Yawunde da makamantansu, akwai zafi da rana da bishiyoyi masu yawa, ga kuma janareta a kusan kowane shago da gida, ga tsofaffin tireloli da motocin haya masu amfani da gas, ga cunkoso mai ƙaruwa kullum, kuma duk waɗannan NOx suke zubawa a daidai tsayin hancin mutum. Sinadaran da suka haɗu a Atlanta da Manaus su ne ke haɗuwa a nan, shi ya sa nake ganin wutar lantarki mai ɗorewa da za ta sa a kashe janareta tana cikin manyan matakan tsabtace iska, ko da yake ba kasafai ake lissafa ta a haka ba.

Game da dashen bishiya kuwa, babu abin da ke cikin wannan bayani da zai hana a ci gaba da shi, domin inuwa da sanyaya gari da tare iska da riƙe ƙasa sun fi ƙarfin wannan illa nesa ba kusa ba, kuma garin da ya yi sanyi ganyensa ma ba ya fitar da isofirin da yawa. Turaren da aka jera a shingayen tare hamada a Kano da Jigawa, nesa da cunkoson motoci, ba shi da NOx mai yawa da zai haɗu da shi. Lissafin yana sauyawa ne idan za a dasa dubban bishiyoyi iri ɗaya a gefen babbar hanya, ko kusa da tashar mota, ko a unguwar masana'antu. A irin wannan wuri, ma'aikatar gandun daji da ke tambayar ko bishiyar tana jure fari, ko saiwarta za ta fasa kwalta, ya kamata ta ƙara da tambayar ko tana cikin masu fitar da isofirin da yawa, kuma turare, duk da saurin girmansa da arharsa a wurin masu renon tsirrai, yana sahun gaba a cikinsu.